Tayar Mai Dakon Tayil

Shekara ashirin da shida Gajere yana faci a gindin turken lantarki, daga shi sai bahon ruwa da guduma da wani injin iska mai tari kafin ya tashi. Ana cewa da kunne ma yana gano huji. Duk layin nasa ne, sai bara da ƙanin matarsa ya bar aikin kamfani ya buɗe shagon taya a tsallaken titi: fenti shuɗi, benci mai katifa, geji mai nuna lamba. Nan da nan mutane suka laƙaba masa Injiniya. Duk sanda Gajere ya ji sunan, sai ya ji kamar an taka masa ɗan yatsa.

Cikin tsofaffin masu zuwa wurinsa akwai wani direba mai dakon tayil. Saboda nauyin kaya, yakan cika tayoyin baya da iska fiye da yadda aka saba. Kwatsam ta hagu ta tsiri sauka, kwana biyu sai ta yi laushi.

Sau uku Gajere yana kwance ta. Ya ba ta iska irin ta kowace mota, ya tsoma a baho, ya juya a hankali. Ko kumfa ɗaya babu. Ya shafa yawu a bakin bawul, inda ake ɗura iska, shiru.

"Tayarka lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Ko wani ke sace maka iskar?"

"Haba Baba, a sayar wa wa?"

Zuwa na huɗu, motar ta rage gudu a gabansa, sannan ta karya ta tsallaka. Gajere ya ɗauki wata tsohuwar taya yana ta bugu, amma idonsa na can. Injiniya ko jak bai sa ba. Tambaya ɗaya ya yi wa direban, ya ɗura iska, ya fesa ruwan sabulu, ya lanƙwasa bawul ɗin da yatsa. Direban ya yi tsalle yana tafi.

Da aka gama, kunya ta sa direban ya tako ya gaida Gajere.

"Baba, ashe robar gindin bawul ce ta tsage. Wai ba ta buɗewa sai iska ta kai yadda nake tafiya da ita. Kai kuma ƙasa da haka kake gwadawa."

"Ai na sani," Gajere ya ce, bai ɗago ba. "Irin bawul ɗin ne ya ƙare mini."

Ranar nan da wuri ya kulle akwatin kayan aiki. A gida ya ce abinci ya yi gishiri, ruwa ya yi ɗumi, rediyo ya cika surutu.

"Maigida, me ƙanina ya yi kuma?" matarsa ta tambaya.

"Wa ya kama sunansa?"

Bayan mako guda ta nemi robar da take fesa wa tufafi ruwa in za ta yi guga, ta rasa. Da ta kai masa abincin rana sai ta gan ta ƙarƙashin teburinsa cike da ruwan sabulu, shi kuma ya durƙusa yana tambayar wani mai tasi, "Tsaya tukuna, kai nawa kake ba ta iska?"

Ta ajiye kwanon tana danne dariya.

Sai da mai tasin ya tafi ya ce, "In maganar nan ta tsallaka titi, ke ce."

"To, Injiniya," ta ce.

Ya jawo kwanon, ya cinye abincin tas.