Gadon Ƙarfen Baban Kaka

Idan na taso daga asibiti na faɗa cunkoson motocin hanyar Germantown, ba abin da nake buri kamar in miƙe bayana. Na daɗe ina aikin nas a nan ƙasar waje, amma har yau jikina ya ƙi sabawa. A irin wannan tsaiwar ce Kaka Saratu take faɗo mini a rai, ita da gadon ƙarfen babanta.

A ƙauyenmu, can bayan Barikin Ladi, sanyi ne yake kora mu bakin murhu da zarar an cinye tuwon acca. Kaka takan tura dankali cikin toka ta miƙe ƙafa, mu jikoki muna ta ture juna saboda wajen ɗumi. Mu tatsuniyar kura muke so. Ita kuwa ranar da gwiwa ta dame ta, ba ta da zance sai na zamanin kuza.

"Ku da kuka tarar da duniya ta tsiyace, me kuka gani?" in ji ta. "Mu ne muka ga kuɗi ganin ido."

Ta ce tana ƙarama aka cika duwatsun nan da haƙar kuza. Jirgin ƙasa ya iso, kantuna suka buɗe a bariki, abin da ba a taɓa gani ba ya zama na kowa: fitilar ƙwai, kwanon sha mai fure, bargo, sabulu mai ƙamshi, har keke. Ran Asabar ake biyan lebura, kafin Litinin kuɗin ya koma kanti, mai saye na dariya, mai sayarwa na dariya.

Babanta shugaban lebura ne. Wata rana ya hango gadon ƙarfe a kanti, da ƙwallon tagulla a kan kowace ƙafa, ya ce ba zai kwana bai mallake shi ba. Mutum huɗu suka ɗauko shi a ka, rabin ƙauye na biye. Sai dai ɗakunanmu zagayayyu ne, gado kuwa mai kusurwa. Aka kwance shi aka shigar, ya ƙi haɗuwa. Aka fito da shi, ya yi mako guda a tsakar gida kaji suna kwana a kai. A nan mukan fashe da dariya, Kaka ta jira mu gama.

Dole a gina masa ɗaki mai kusurwa huɗu, kuma babu fili a gidan sai inda rumbun acca yake. Uwar Kaka ta yi roƙo har ta gaji.

"Rumbun me?" Kaka takan kumbura murya ta kwaikwayi babanta. "Hatsi ga shi can a kasuwar bariki, a sheƙe, a aune. Wa yake noma yanzu?"

Ya rushe rumbun. Ɗaki ya tashi, sai ya ga bai dace da ciyawa ba, sai rufin kwano. Gado ya nemi katifa, katifa ta nemi zanen gado. Kowane ɗaya sai ya ƙara makonni a wajen haƙa, inda yake kwana a kan buhu. Ɗakin kuwa an garƙame shi da kwaɗo kada yara su ɓata, su Kaka sai leƙe ta kafar ƙofa.

"Allah ne shaidata," ta ce, "shekara uku gadon nan bai san nauyin mutum ba."

Daga nan kuza ta faɗi, aka sallami lebura. Baban Kaka ya dawo da tari a ƙirji, ya tarar gona ta zama daji, ga ba rumbu. Shekarar nan a gidajen dangi suka ci abinci. Da ciwo ya ci ƙarfinsa aka buɗe ɗakin aka kwantar da shi. Bai jima ba ya kira matarsa ya ce, "Ƙarfen nan sanyi gare shi. Shimfiɗa mini tabarma kusa da wuta." A kan tabarmar ya cika.

Mukan tambaye ta ina gadon. Sai ta tono dankali ta ce maƙeri ne ya saya.

Da ina yarinya na ɗauka labarin wawa ne. Yanzu na san mutumin ba wawa ba ne. So yake iyalinsa su huta, sai ya yi ta ɗaga ranar hutun zuwa mako mai zuwa. Wannan kam na san shi ciki da waje, kuma yana ba ni tsoro. Ni ma na sayi gado, ƙato biyu suka hau da shi bene da ƙyar.

Asabar da ta wuce na dawo da safe bayan na haɗa aikin yini da na dare. Na tarar da 'yata Na'omi, mai shekara tara, ta baje littattafanta a kan gadona.

"Me ya sami naki gadon?" na ce.

Tana jin Hausa, amma da Turanci take amsawa. Ba da tsiwa ba, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "Ai ba mai kwana a nan, Mama."

Waya ta yi ƙara a aljihuna, daga wajen aiki, suna neman mai zuwa ran Lahadi. Ban ɗauka ba. Na zauna a ƙasa da kayan aiki a jikina, na jingina da ƙafar gadon, na ce ta sauko in ba ta labarin kakanninta. Ta sauko ta zauna kusa da ni. Ban kai ga isowar jirgin ƙasa ba barci ya kwashe ni.