Takalmin Talata a Wirinda

Duk wanda aka haifa a Wirinda, ɗan garinmu da ke can cikin daji, ko ya yi aure a Wirinda, ya san waƙar "Takalmin Talata" tun daga kiɗan farko har wurin da mawaƙiyar take jan numfashi kafin baitin ƙarshe. Da ita muke buɗe rawa a biki. Da ita 'yan ƙwallonmu suke ihu in sun ci, in kuma an lallasa su da ita suke rarrashin kansu a motar dawowa. Wanda ya kawo mana ita kuwa Merv Dunstall ne.

Merv yanzu shekararsa saba'in da tara, dogo ne siriri, kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana zagaya garuruwan dajin nan da wata tsohuwar akori-kura, yana gyara akwatunan waƙa, irin waɗanda za ka jefa wa sulalla ka danna lamba, hannun ƙarfe ya zaro faifai ya ɗora. Shi ne yake sauya fayafayan, don haka abin da Merv ya ga dama shi muke ji. Rediyo ba ta kamawa sosai a nan sai iska ta so.

A wancan zamani kowane mako ana buga takarda mai jerin waƙoƙi arba'in da suka fi kasuwa. Kowa daga sama yake karantawa, shi Merv daga ƙasa yake farawa. Waƙoƙin da suka leƙo ta talatin da wani abu, suka yi mako biyu aka manta da su, su ne 'ya'yansa. Yakan ce, "Wadda ta kai ta ɗaya ai ta ƙoshi. Ku saurari ta talatin da shida, da yunwa take waƙa."

"Takalmin Talata" kuwa a talatin da shida ta tsaya cak, a shekarar 1978. Wata yarinya ce mai suna Coral Winspear ta rera ta. Merv ya saurare ta sau ɗaya ya ji tsigar jikinsa ta tashi, ya saka ta a akwatin da ke shagon abincin gidan Vlahos, inda duk garin yake sayen kifi da soyayyen dankali. Mako shida ba wanda ya danna ta, don mutanenmu ba sa jefa sulallarsu a kan abin da ba su sani ba. Abin ya ci masa rai. Sai ya yanki ɗan kati, ya rubuta da manyan baƙaƙe: TA ƊAYA A SYDNEY. Sydney ita ce babban birni a wurinmu. Ya manna katin a jikin gilashin akwatin.

Kafin wata ya ƙare har tsofaffi suna rera ta da fito a bakin famfo. Katin nan kuma ya zauna nan manne shekara da shekaru, ya yi jajur don tsufa, kuma ba ranar da Merv zai shiga shagon bai kau da kai daga gare shi ba. A garin da ake cewa "ai Merv ne ya faɗa" in ana son kashe gardama, wannan ce ƙaryarsa guda ɗaya, kuma ita ce aka gina komai a kai.

Wata ranar Lahadi yana zaune a rumfar bayan gidansa, inda fayafai fiye da dubu biyu suke jere cikin akwatunan lemo, yana sauraron 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba, sai ga Despina Vlahos ta faɗo ko sallama babu. Ita ce mai shagon yanzu, ta gaje shi daga mahaifinta, kuma shekara hamsin ke nan tana tsokanar Merv.

"Kashe wannan kukan akuyar, tsoho! Na samo ta!"

"Wa kika samo? Mijin da zai iya da bakinki?"

"Coral Winspear! Tana raye, tana garin Wollongong, shekara ashirin ta yi tana dafa wa 'yan makaranta abinci. Na kira ta da kaina. Za ta zo bikin cikar zauren gari shekara ɗari, kuma za ta yi mana waƙar da bakinta!"

Merv ya miƙe zumbur har kofin shayinsa ya kife. Coral Winspear, a Wirinda! Ya kama hannun Despina suka yi juyi biyu a tsakanin akwatuna kamar yara, gwiwarsa tana ƙara. Sai a juyi na uku ya tuna da katin, ya tsaya cak. Matar da ta rera waƙa ai ta san inda waƙarta ta tsaya.

Mako ukun da suka biyo baya garin kamar zai tashi sama. Aka yi wa zauren fenti. Matan coci suka shiga gasar kek, har biyu daga cikinsu suka daina gaisawa. Makiyaya daga nisan kilomita ɗari biyu suka aiko a ajiye musu kujera. Aka ɗauko akwatin waƙar daga shago, maza huɗu suna nishi, aka girke shi a kan dandamali da katinsa a jiki. Merv shi ya gyara shi har yana ƙyalli. Sau biyu ya kai farce zai ɓamɓare katin, sau biyu Despina tana bayyana a bayansa da faranti.

"Me kake sosawa a nan?"

"Ƙura ce."

"To bar mana ƙurarmu."

Ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana Coral ta sauko daga mota, 'yar gajeruwar tsohuwa mai farin gashi, riƙe da jaka kamar wadda ta zo asibiti. Ta ga mutum fiye da ɗari uku sun cika zauren har waje, ta juya ta tambayi Despina ko akwai wani babban baƙo da ake jira. Da aka ce mata ita ce, sai ta yi dariya ta ce a daina wasa da tsohuwa.

Aka ba ta makirufo. Ta ce muryar ta tafi tun tuni, za ta dai gwada. Despina ta jefa sulalla, ta danna lamba, kiɗa ya tashi. Coral ta buɗe baki ke nan, zauren gaba ɗaya ya riga ta. Masu aske gashin tumaki da muryoyinsu kamar injin niƙa, yara a kan wuyan iyayensu, limamin coci yana buga ƙafa, kowa ya san kowace kalma. Da aka zo wurin jan numfashin nan kafin baitin ƙarshe, mutum ɗari uku suka ja shi tare, huuu, daidai yadda ta ja shi tana 'yar shekara ashirin da biyu. Nan ta saki makirufo ta rufe fuska. Aka ƙarasa mata waƙar, aka sake dannawa, aka kuma sakewa. Merv yana gefe yana waƙa yana hawaye, ya ma manta da tsoronsa.

Da hayaniya ta lafa, Coral ta juya don ta shafa akwatin, idonta ya sauka a kan katin. Ta sa tabarau ta karanta, makirufo kuwa ya dawo hannunta, yana kusa da bakinta.

"Ta ɗaya a Sydney? Ni? Ai a talatin da shida na tsaya, mako biyu, daga nan kamfanin fayafai ya sallame ni. Wa ya rubuta wannan?"

Merv ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma ya cire hularsa ya taka zuwa gaba.

"Ni ne, Misis Winspear. Ƙarya na yi. Ba wanda yake danna ki, ni kuma na kasa jurewa. Ku yafe mini, jama'a, shekara arba'in da shida ina..."

"Kai, zauna, tsoho, kana ɓata mana biki!" in ji Despina. "Tun 1985 muka sani. Yayana ya je biki a Sydney ya ce a sa masa ita, mai kiɗa ya dube shi kamar ya ga mahaukaci. Ya dawo ya faɗa wa kowa."

"Kowa?"

"Kowa, ban da kai. Ina ruwanmu da Sydney? Su suka yi asara."

Dariya ta ɓarke, wani daga baya ya yi ihu, "Mun bar ka ne don fuskarka tana ba mu dariya in ka shigo shago!" Merv ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Haushi ya ji da farko, na shekarun da ya yi yana kau da kai a banza, sannan wani sanyi ya ratsa shi har ƙafa.

Despina ta janyo wani kwali daga ƙarƙashin tebur ta ajiye a gaban Coral. Fayafai goma sha ɗaya ne a ciki, duk na waƙar, duk sun cinye sun yi fari. Ta ce garin nan ne ya cinye su da saurare, kuma duk sa'ad da ɗaya ya mutu Merv ne yake bin shagunan birni, yana rubuta wa kamfani wasiƙu, yana neman wani.

Coral ta ɗago ɗaya ta juya shi a hannu. "Ashe kai ne. Wata mata a kamfanin ta taɓa gaya mini akwai wani mahaukaci daga daji da yake damunsu da wasiƙu. Na zaci tausayina take ji."

Merv ya ɓamɓare katin a hankali, ya zaro biro daga aljihu zai soke sunan Sydney. Ta riƙe masa hannu.

"Kar ka taɓa shi. Tun ina yarinya nake jiran in ga an rubuta haka, ban damu ko ƙarya ce ba." Ta juya katin ta miƙa masa bayansa. "Ni dai sa mini hannunka a nan. Ban taɓa roƙon wani ya sa mini hannu ba, kai ne na farko."

Ya rubuta sunansa. Ta saka katin a jakarta ta ja zif, Despina kuma ta sake jefa sulalla.