Mai Shagon Intanet na Bayan Kasuwa

Rabin mutanen unguwarsu a birnin Khujand, Shodmon ne ya buɗe musu shafin sada zumunta. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da shagon intanet a bayan kasuwa, kwamfuta takwas da butar shayi. Matan da mazajensu suka tafi aikin gini Rasha kan zo ya ɗauke su hoto, ya rubuta musu saƙo. Da wayoyi suka cika gari, sai ƙafa ta ɗauke. A shekarar ce kuma matarsa ta rasu, 'yarsu ta yi aure can babban birni, Dushanbe. Bai rufe shagon ba, don bai san inda zai riƙa wuni ba.

Wata rana ya samo fim ɗin da aka yi a kan ɗaliban da suka kafa kamfanin shafin sada zumuntar, mai fassarar Rashanci. Ya dafa shinkafa da karas da naman rago, ya gayyaci mutum tara su zo bayan azahar. Biyu suka zo: Nekruz mai aski, da Malama Mavluda, tsohuwar malamar lissafi.

Da fim ya ƙare, Nekruz ya yi miƙa ya ce, "Haba Yaya Shodmon! Wannan fim ne ko zaman kotu? Awa biyu ko mari ba a yi ba."

Malama Mavluda ta harare shi. "Kai dai tsaya a almakashinka. Yaron da ya kafa kamfanin akwai kai, tarbiyya ce babu. Da ta ajina ya biyo, da bai ture abokinsa daga kamfanin ba."

Ai Shodmon ma ba shi kaɗai ya buɗe shagonsa ba. Da Parviz suka fara, abokinsa tun firamare. Saɓani ya shiga tsakaninsu, Shodmon ya sake kwaɗon ƙofa ba tare da ya faɗa masa ba. Parviz ya tafi Surgut, can Rasha, neman aiki, ba su ƙara magana ba.

Washegari ya je gidan ƙanwar Parviz ya roƙi lambarsa. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta rubuta.

Da ya kira, matar Parviz ce ta ɗauka. Ta ce, "Yaya, ba ka ji ba? Shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi tun bara. Ba ya magana, amma yana ji. Bari in sa masa a kunne."

Shodmon ya yi niyyar cewa a yafe masa. Amma sai ya kama ba Parviz labarin fim ɗin tun daga farko, har da shirmen Nekruz. Ba abin da yake ji sai numfashi. Can matar ta dawo ta ce, "Ya gaji, Yaya. Amma hawaye yake yi."

Tun daga nan duk mako yakan kira, ya zauna cikin shago shi kaɗai yana ba Parviz labarin unguwa: wanda ya rasu, wanda ya dawo, da yadda inabi ya yi bana.