Ranar da Aka Ɗauke Ni a Makara da Raina

Shekarun baya, abokina ya kwaso wani ra'ayi daga finafinan waje, irin waɗanda matattu ke tashi suna bin mutane. Ya rantse sai ya yi nasa a ƙauyenmu, kusa da Kafur. Kyamarar ma arowa ya yi wajen wani mai ɗaukar biki a Funtua, da yamma za a mayar. Kuma duk cikinmu babu wanda ya iya yanka hoto ya haɗa. Saboda haka ya ce ɗauka ɗaya za a yi: in ya kunna, ba tsayawa har ƙarshe, kome ya faru.

Ni aka ba gawa, wai don na fi kowa iya kwanciya. Ban yi musu ba, don na daɗe ina son sanin me ake ji a cikin makara. Muka haɗa ta da gwangwala, aka naɗe ni da farin zanen gadon mahaifiyata. Abokai huɗu za su ɗauke ni ta hanyar gona, in mun kai gindin tsamiya in zabura in tashi.

Abin da muka manta, lokacin kaka ne, gonaki cike da masu karyar masara. Kuma a wajenmu ba a ganin makara a ci gaba da aiki.

Ina kwance na ji sawu na ƙaruwa. Can na ji muryar wani dattijo: "Kawo nan, yaro, ka huta." Kunya ta hana abokaina magana, ɗaya bayan ɗaya aka karɓe su. Abokina kuwa ya ƙi kashe kyamara. Muka wuce tsamiya, aka miƙe hanyar maƙabarta.

In na zabura, tsohon nan zai iya faɗuwa. In na yi shiru, rami zan tarar. Amma wallahi abin da ya fi riƙe ni shi ne addu'arsu. Ba wanda ya tambayi ko wane ne. "Allah Ya jiƙansa, Allah Ya sa ya huta," kawai suke ta yi. Sai na ji hawaye na bin kunnena.

A hankali na ce, "Baba, ku yi haƙuri ku sauke ni, da raina."

Rabin jama'a suka watse cikin masara. Dattijon bai gudu ba. Ya sa aka ajiye ni, ya kwance mini fuska, ya saurari bayanin abokina. Sannan ya dube ni ya ce, "To, ɗan nan, addu'ar dai mun riga mun yi. Ka ajiye ta, za ka buƙace ta."

Fim bai yiwu ba, abokina ya yi mako ba ya yi mini magana. Ni kuwa tun daga ranar ban sake ganin makara na wuce ba. Da dattijon ya rasu, ina cikin waɗanda suka sa masa kafaɗa.