Fara da Baƙa a Falon Baba

Shekarar da hawan jini ya kayar da Baba, ni ce a kusa. Gidan aurena yana Gangaren Tudu, tafiyar ƙafa kaɗan zuwa gidanmu, don haka kai shi asibiti da bin layi da karɓo magani duk a kaina suka faɗa. Yayanmu yana aiki a Abuja, can ya ajiye iyalinsa. Autanmu kuwa yana Fatakwal. Allah ya taƙaita abin, bakin Baba ya dawo daidai, ƙafa ta soma taka ƙasa, sai hannun hagu ne ya ƙi. Yatsun sun lanƙwashe, babban yatsa kaɗai yake ɗan motsi.

Matar da take yi masa gashin ƙashi ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya matsa kwana biyu, ya ce shi ba jariri ba ne, ya tura ta ƙarƙashin kujera. Da na kai mata ƙara sai ta yi dariya, ta ce dattawa da yawa haka suke. Ta ce wasu sun fi jure motsa yatsa idan akwai abin da yake ɗauke musu hankali, kamar gem ɗin nan na talabijin da ake riƙe hannunsa da hannu biyu. Ta ja mini kunne cewa ba magani ba ne, kuma kada a bar atisayen da ta koya masa.

Da yamma na kai maganar rukunin gidanmu na waya, da niyyar mu haɗa hannu mu saya. Ni a lokacin gem gem ne kawai a wurina. Ban san akwai manyan na'urori biyu na kamfanoni biyu masu gogayya ba, ɗaya fara doguwa, ɗaya baƙa mai kama da ƙaramin akwati, kuma kowace da mutanenta masu kare ta kamar ƙungiyar ƙwallo.

Yaya ne ya fara amsawa. Ya ce fara za a saya, magana ta ƙare. Ita kowa yake amfani da ita a ƙasar nan, faifanta yana kowace kasuwa, in ta lalace akwai masu gyara. Auta ya ce da girmamawa, wannan tunanin da ne. Baƙa ta fi dacewa da Baba, domin ana biyan kuɗin wata ne a samu wasanni barkatai, ya gwada wannan ya gwada wancan har ya samu wanda ya kwanta masa. Yaya ya tambaye shi da wace intanet za a sauke barkatan a Keffi. Auta ya turo hoton wani jadawali. Yaya ya turo saƙon murya mai tsawon huɗuba.

Wanda bai san su ba zai zaci gem suke yi wa faɗa. Yaya ne ya ɗauki nauyin karatun Auta, kuma har yau yana ganin bai kamata yaron ya mayar masa da magana ba. Auta kuwa ya girma, ya samu aikin da ya fi na Yaya tsoka, ya gaji da a riƙa yanke masa hukunci. Duk wannan na sani, amma sanin bai rage mini takaici ba. Ina zaune a benci a asibiti, Baba yana gefena da hannunsa a cinya, wayata tana ta ƙara da bayanin wacce ta fi saurin buɗewa da wacce ta fi fitar da hoto. Na rubuta musu cewa don Allah su sayi ko wacce ce. Yaya ya ce ba zan gane ba. Auta ya ce, Anti, ki ɗan yi haƙuri, abin da za a daɗe ana amfani da shi ne.

Haka makonni suka shuɗe har damina ta sauka. Mai gashin ƙashi ta tambaye ni ina maganar gem, na ce ana kan shawara. Da ta sake tambaya kunya ta hana ni amsa. Na ce wa maigidana ni zan shiga Abuja na sayo da kaina, ya ce in na sayi fara na zama ta Yaya, in na sayi baƙa na zama ta Auta, gara na zauna a inda nake. Na ji haushinsa shi ma, duk da gaskiya ya faɗa.

Wata Asabar sai ga Yaya da babban kwali a bayan mota, bai gaya wa kowa ba. Ya ajiye farar kusa da talabijin, ya haɗa wayoyi, ya kunna. Na'urar ta ce sai ta sabunta kanta kafin ta yi komai. Muka zauna muna kallon wani layi yana rarrafe. Datar wayarsa ta ƙare, muka koma tawa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta abin ya koma baya. La'asar na yi Yaya ya fara duba agogo, wai yana gudun cunkoson Mararraba. Ya tafi ya bar mini bayani a tsaitsaye, Baba ko hannun gem ɗin bai taɓa ba.

Ba a rufa mako ba wani direba ya kira ni, wai ina da saƙo a tasha. Na bar ofis na hau acaɓa cikin yayyafi, na tarar da kwali daga Fatakwal. Baƙa ce. Auta ya kira ni ta bidiyo yana murna, yana nuna mini inda zan soka wace waya. Nan na gano talabijin ɗin Baba ramin soka waya ɗaya ne kawai yake aiki a bayansa. In fara tana ciki, baƙa tana waje.

Baba ya dubi wannan, ya dubi waccan.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "in na taɓa ta wannan, me zan ce wa wancan? Ki mayar musu da kayansu. Ni da furfurata ma, me ya kai ni."

Ban mayar ba, don na san abin da zai biyo baya. Suka zauna a falo, ba a kunna ko ɗaya. Inna ta rufa wa farar wani ƙyalle saboda ƙura, baƙar kuwa ta ga samanta ya yi daidai da ajiye filas ɗin shayi. Kowane ɗan'uwa yana kirana a ɓoye yana tambayar ko Baba ya fara, kuma da wacce. Ni kuma ina kallon yatsun Baba suna ƙara ƙagewa.

Ranar da haƙurina ya ƙare, daga asibiti muka dawo, an auna hannun an ce bai ci gaba ba. Ko mayafi ban cire ba na ɗauko hannun fara da hannun baƙa, na ɗora masa a cinya, talabijin a kashe. Na ce masa ba sai ya zaɓi kowa ba, ya riƙe kawai mu ga wanda hannunsa zai iya. Ya harare ni, amma ya ɗauka.

Kowane hannu yana da 'yan sanduna biyu da ake juyawa da babban yatsa. A na farar, sandunan suna ƙasa ne a tsakiya, gefe da gefe. Baba ya yi ta miƙa yatsansa na hagu, bai kai ba, har gumi ya tsatsafo masa a goshi. A na baƙar kuwa, sandar hagu tana sama, daidai inda yatsan nasa yake kwanciya da kansa. Ya tura ta, ta motsa. Ya sake turawa. Abin da 'yan'uwana suka shafe watanni suna jayayya a kai ke nan, ba wanda ya taɓa ambatar wannan a cikinsu.

Na sauke filas ɗin Inna na haɗa baƙar. Wasan ƙwallon ƙafa ya yi masa sauri, na harbe-harbe kuwa ya ce a cire masa wannan tashin hankalin. Da muka zo kan na tuƙin mota sai ya gyara zama. Baba ya shekara da shekaru yana tuƙa kansa, kuma na san rabuwa da sitiyari ya fi komai yi masa ciwo a cutar nan. Da farko bango ya yi ta duka, motar tana juyawa tana kallon inda ta fito. Bayan 'yan kwanaki ya fara riƙe hanya. Tafiyar dattijo yake yi, ana ta wuce shi, yana cewa su je, gaggawa aikin shaiɗan. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini, kada Yaya ya sani.

Wannan sharaɗin ne ya zame mini aiki. Duk Asabar ɗin da Yaya zai zo, yakan kira Inna in ya wuce Masaka. Inna ta kira ni. Ni kuma na bar girki ko wanki na taho da sauri, na durƙusa bayan kabad cikin yanar gizo, na zare wayar baƙa na soka ta fara, na kai baƙar ɗakin Inna na tura ƙarƙashin gado. Yaya ya iso ya tarar da farar a kunne, Baba ya riƙe hannunta na ɗan lokaci ya ce ya gaji. Sai Yaya ya ɗauki hoto ya tura rukuni, ya rubuta Alhamdulillahi, Baba ya saba da ita. Auta kuma daga can yana ganin duk lokacin da aka kunna tasa, don da asusunsa aka buɗe ta, sai ya riƙa sako maganganu masu harshen damo. Na kira shi na ce in ya kuskura ya fasa ƙwan, shi zai dawo Keffi ya riƙa kai Baba asibiti. Ya daina, amma ba don ya so ba. Mace mai 'ya'ya uku da aikin gwamnati, ga ni ina ɓoye na'urar wasa kamar kayan sata.

Asirin ya tonu ne ranar wata Laraba. Yaya ya je gaisuwar mutuwa Gitata, a hanyar dawowa ya biyo gida ba tare da ya kira ba. Ya yi sallama ya shiga falo, ya tarar da Baba bayan La'asar yana tuƙi a baƙar kan wata hanyar dutse, farar kuwa tana lulluɓe da ƙyallenta. Inna ta kira ni da muryar da ta sa na fito da silifas ɗin banɗaki.

Na same su zaune, an tsayar da wasan. Baba ya riga ya nuna masa yadda yatsan yake kai wa sandar ɗaya ba ya kai wa ta ɗayar. Yaya ba zai iya yi wa Baba faɗa ba, Auta kuma yana nesa, don haka ni ya juyo wa.

"Ashe da ke aka haɗa baki? Kina kallo ina ɗaukar hoto kamar wawa."

Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma na faɗi abin da ke raina. Na ce tun kafin damina shi da Auta suke aiko da saƙo a kan na'ura, ban ga ko ɗaya da aka tambayi yadda hannun Baba yake ba. Na ce gwiwata ta gaji da bayan kabad. In yana son a yi amfani da tasa, ya zo ya zauna ya lallashi yatsan da kansa.

Baba ya ce ya isa. Yaya ya sha ruwa, ya yi wa Inna sallama, ya tafi. Ya yi kwanaki bai kira ni ba. Na zaci maganar ta mutu, har na fara jin sauƙi.

Ashe bincike ya shiga. Sai ga saƙo a rukuni, wai ya samo wani hannu na daban da yake aiki da farar, mai sandar hagu a sama, ya kuma sayi wata 'yar na'ura da za ta raba ramin talabijin gida biyu. Auta ya ce irin waɗannan hannayen ba sa ƙarko. Yaya ya ce a bari a gani. Suka ɗora daga inda suka tsaya. Kayan suka iso tasha, ni na je na karɓo, ni na haɗa. Sabon hannun ya yi wa Baba daidai, amma wasan motar da ya saba da shi babu shi a farar, wanda yake cikinta kuma ya ce sitiyarinsa ya cika santsi. Yakan kunna ta ranar Asabar don Yaya, yanzu ba ɓoye-ɓoye, su yi zagaye ɗaya tare, sannan ya danna maɓalli ya koma baƙar.

Hannun ya ɗan saki. Yana riƙe kofi, yana ɓalle maɓallin rigarsa in bai yi ƙanƙanta ba, ƙaramin yatsa dai har yanzu a lanƙwashe yake. Na tambayi mai gashin ƙashi ko gem ɗin ne, ta ce ba za ta iya rantsewa ba, wataƙila shi ne, wataƙila atisaye ne da lokaci. Ban kai wannan amsar rukuni ba, don na san kowa zai ja ta gefensa. Na rufe ƙarar rukunin ma gaba ɗaya, sai na ga dama nake leƙawa. Kiran Inna ne ba ni da yadda zan yi da shi. Ko jiya ina tsakiyar tuƙa tuwo ta kira, wai baƙar ta fito da wani rubutu tana neman lambar sirri, Baba ya ce na zo yanzu. Na rage wuta, na ɗauki mayafi na fita.