Ranar Da Baji Ta Hau Da Ni Bas Mai Komawa Baya

Kai, ranar nan ba ta fita raina! Ranar da Baji Shazia ta ja hannuna muka tsallaka titi, muka hau bas ɗin da ya juya wa wurin aikinmu baya.

Bari in faro muku. Kafin korona ne, watana na biyu a wani ofishin kargo a Al Sabkha da ke yankin Deira, can ƙasar Larabawa, ni ke rubuta sunayen masu kaya a jikin kwali. Ina lokacin gwaji, wato watannin farko da ake iya sallamar mutum ba dogon zance. A wata unguwa mai nisa, International City, nake zaune. Wurin mata a gaban bas yake, ɗan kaɗan, kafin ya iso tasharmu ya cika, direba ya ɗaga mana hannu ya wuce. Kullum a makare. Manaja ya ce, "Hafsa, gobe in kika makara, khalas, aiki ya ƙare."

Shazia akawunmu ce, 'yar wani ƙaramin gari a Pakistan, unguwarmu ɗaya. Baji nake ce mata, Yaya kenan da yarensu. Da sassafe ta tarar da ni a tasha, bas biyu sun wuce ni, ido ya raina fata.

"Yalla, taho," ta ce.

"Baji, Deira fa can take!"

"Na sani. Ke dai hau."

"Korata za a yi, ke kina kai ni yawon buɗe ido?"

Dariya ta yi. A hanya ta ce a garinsu kujera biyu ce ta mata a motar haya, kusa da direba. Malaman makaranta da nas-nas ba sa jira a bakin titi, takawa suke har inda mota ke tasowa, su zauna tun ba kowa. Haka mahaifiyarta ta yi har ta yi ritaya.

Muka sauka inda bas ke farawa, muka shiga wani wayam, har da zaɓen taga! Sai ga mu a ofis tun kafin lokaci. Ina goge tebur manaja ya shigo, ya dubi agogo, ya dube ni.

"Yau a nan kika kwana?"

Na gane zuwa aiki ma sana'a ce, kuma masu ita suna teburin kusa da kai, in ka buɗe baki. Sati bai zagayo ba na ja 'yan Ghana biyu muka tsallaka titin nan, suna ta mita.

Ku fa, wa ya koya muku taku dabarar?