Tabon da Lalle Ya Ɓoye

Shekarun baya, a shekarar da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, na koma gida Janfalan na zauna da mahaifiyata har ta fita takaba. Ita kuwa tun da na yi wayo ban taɓa ganin ƙafarta ba lalle ba. Kafin wani ya koɗe ta ƙunsa wani, tafin ya yi baƙi ƙirin. Takaba ce ta sa ta daina.

Wajen wata na uku, ina shafa mata man kaɗanya, sai na ga lallen ya fita tas amma wani baƙin tabo ya zauna a diddigenta, kamar ƙwayar gyaɗa, gefensa a karkace. Na sa soso na yi ta dirza.

"Ke, fatar za ki saɓule min? Ƙaya ce ta taɓa soke ni a gonar barkono."

Ni dai abin ya tsaya min a rai. Ina da ƙawa 'yar kudancin Kaduna, nas ce a Ikara. Da ta zo duba mu, na ja ta ɗakin Inna. Ta daɗe tana kallon tabon, sannan a zaure ta ce mu tafi Zariya kada mu jira, yana iya zama kansar fata.

Wallahi dariya na yi. Ni mai ganin kaina 'yar boko, na ce ai wannan ciwon Turawa ne masu shanya jiki a rana. Ta ce, "To, ki je ki koya wa likita."

Fita da mai takaba ma sai da aka kai ruwa rana. Baffana ya ce a bari kwanakin su cika, sai da liman ya ce lalura ce, a kai ta.

A asibitin Zariya aka yanki ɗan naman aka gwada, aka ce shi ne. Na tsare likitan da tambaya har Inna tana zungurina. Yaya tafin ƙafar da ba ya ganin rana zai kamu? Ya ce irin wannan ba rana ke kawo shi ba, kuma mu baƙar fata a tafin ƙafa ya fi fito mana. Masu bincike suna zargin yawan taku da tsohon rauni, amma har yanzu ba su gama ganowa ba. Ya ce an samo allurai masu tayar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon, sai dai tsada. Mu dai bai yi nisa ba, yanka ya wadatar.

Ta warke, tana ɗan ɗingishi. Ni kuma na koyi duba tafin ƙafar duk tsohuwar da ta yarda. Amma har yau ina tuna cewa ba don rasuwar Baba ba, da babu mai ganin tabon nan. Ranar da na faɗa wa Inna haka, sai ta ce, "Ai dama ko yana raye shi ke kai ni asibiti."